Yadda ake auna turjiyar siririyar shimfiɗar manganait, a gano inda take juyewa daga insuleta zuwa ƙarfe

Idan aka miƙo maka ɗan faifan kiristal mai faɗin milimita 5 sau 5, aka ce a kansa akwai shimfiɗar La0.7Ca0.3MnO3 (LCMO a taƙaice, wani manganait, wato haɗin manganis da oksijin da wasu ƙarafa) mai kaurin nanomita 20, ka auna mana inda take juyewa, na'ura za ta ba ka giraf cikin yini guda. Abin da ke cin makonni shi ne tabbatar da cewa lambar da ta fito ta shimfiɗar ce. Waya na iya sa baki a cikinta, tushen da aka shimfiɗa abin a kai na iya sa baki, haka ma oksijin da ya tsere lokacin da ake yin samfurin. Mafi yawan abin da nake gani ana jingina wa taƙurar tushe, wato miƙewa ko matsewar da tushe ke tilasta wa shimfiɗa, idan aka bi diddigi, ɗaya daga cikin waɗannan ne. Don haka zan bi aikin yadda nake binsa a kan tebur, daga kafin a manna waya har zuwa fassara giraf.

Ga abin da muke nema a taƙaice. Manganait irin wannan, idan yana da ɗumi, wuta ba ta ratsa shi da sauƙi, kuma kana sanyaya shi turjiyarsa na ƙara hawa. Halin insuleta ke nan. Sai a kai wani mataki, a dunƙulen LCMO wajen kelbin (K) 250 zuwa 260, turjiyar ta yi ƙololuwa ta rikito, daga nan ta riƙa raguwa da sanyi yadda ta ƙarfe ke yi. A kusa da wannan wurin ne kuma yake zama maganadisu. Jonker da van Santen suka fara lura da haɗuwar abubuwan biyu a 1950 a ɗakin binciken Philips da ke Holan, Zener ya kawo bayani a 1951: elektron na tsallakawa daga Mn3+ zuwa Mn4+ (atom ɗin manganis masu caji daban-daban) ta kan oksijin da ke tsakaninsu, kuma tsallaken na yin sauƙi ne idan maganadisun atom ɗin biyu sun fuskanci gefe ɗaya. A 1995 Millis da Littlewood da Shraiman suka nuna cewa wannan kaɗai bai isa ya bayyana girman turjiyar ba, sai an haɗa da yadda elektron ke lanƙwasa kejin oksijin shida da ke kewaye da manganis, har ya maƙale a ciki. Daga nan taƙura ta samo ƙarfinta. Duk abin da ya ja kejin nan ko ya matse shi, ya taɓa turjiya.

Idan kana da zaɓi, fara koyo da LCMO kafin La0.7Sr0.3MnO3 (LSMO). Na farkon ƙololuwarsa tsini gare ta, kuma tana tsakanin 77 K da zafin ɗaki, ruwan naitirojin ya ishe ka. LSMO kuwa maganadisunsa ba ya sakin jiki sai wajen 370 K, tudun turjiyarsa shimfiɗaɗɗe ne, kuma dole na'urarka ta iya kai 400 K kafin ka ga bayansa.

Kafin ka taɓa waya

Fara da lissafin da ba ya cin minti biyu. Faɗin ɗakin kiristal, wato ƙaramin tsarin atom da ke maimaita kansa, na LSMO wajen 3.876 Å ne (Å kashi ɗaya ne cikin goma na nanomita). A cikin kiristal ɗin da ake yin tushe da su, na SrTiO3 (STO) 3.905 Å, na LaAlO3 (LAO) wajen 3.79 Å, na LSAT 3.868 Å. Cire na shimfiɗa daga na tushe, ka raba da na shimfiɗa. A kan STO za ka samu miƙewa ta wajen kashi 0.75 cikin 100, a kan LAO matsewa ta wajen kashi 2.2, a kan LSAT kusan babu komai, matsewar kashi 0.2. LCMO mai wajen 3.86 Å kusan daidai yake da NdGaO3, shi ya sa ake ɗaukar wannan haɗin a matsayin ma'aunin kwatance.

Amma wannan lissafin abin da ya kamata ya faru ne, idan shimfiɗar ta yi wa tushe biyayya. Kamar fatar da aka ɗaure a bakin ganga take: ja ta gefe, ta sirance ta tsaye; matse ta gefe, ta kumbura. X-ray ne zai gaya maka ko hakan ta faru. Da hasken tagulla mai tsawon zango 1.5406 Å, tsinin (002) na STO yana fitowa a kusurwar 2θ wajen 46.47°. LSMO da ya miƙe sosai a kansa tsayin ɗakinsa na sauka zuwa wajen 3.85 Å, sai ka ga tsininsa a dama da na tushe, wajen 47.2°. A kan LAO, wanda tsininsa ke kusa da 48°, tsayin ɗakin na tashi zuwa kusan 4.0 Å, tsinin ya koma hagu, wajen 45.4°. Idan ka ga ƙananan tuddai suna jere a gefen tsinin shimfiɗar, ka yi murna, alama ce saman da ƙasan sun kwanta sumul, kuma daga tazararsu za ka fitar da kauri. Kada ka karɓi kaurin da aka ƙiyasta daga yawan harbin laser ɗin da aka yi shimfiɗar da shi kawai. Duk kuskuren da ke cikin kauri zai shiga ρ, wato turjiyar shimfiɗa da aka ninka da kauri, kai tsaye.

Wannan awon na tsaye ne kaɗai. Don sanin faɗin gefe sai an zana taswira a kewayen tsinin (103). Idan tabon shimfiɗa ya tsaya a layi ɗaya da na tushe ta tsaye, a taƙure take gaba ɗaya. Idan ya karkata ko ya baje kamar wutsiya, ta fara saki. A kan LAO wannan na faruwa da wuri saboda girman saɓanin, har ka tarar ƙasan shimfiɗa a matse, samanta a sake. Irin wannan samfurin tamkar waya biyu ne gefe da gefe, wuta za ta bi wadda ta fi sauƙi, giraf ɗinka ya ba ka labarin saman kawai, wani lokaci ma da ƙololuwa biyu.

Manna waya

Waya huɗu, ba biyu ba. Biyu na kai karent, biyu na karanta boltej, ta haka turjiyar waya da ta mahaɗa ba sa shiga lissafi. Hanya mafi sauƙi ga faifai mai kusurwa huɗu ita ce ta van der Pauw, wadda ya wallafa a 1958: ɗigo huɗu ƙanana a kusurwoyi, can a baki. Sharuɗɗanta ba su da yawa, amma ba ta yafiya: kauri ɗaya ko'ina, babu rami a tsakiya, ɗigon ƙanana ne idan an kwatanta da faɗin faifan. A milimita 5, ina ƙoƙarin kada ɗigo ya wuce rabin milimita.

Ni dai na fi son a fesa zinariya ta cikin abin rufi mai ƙananan huda, sannan a ɗinka wayar alminiyom a kan zinariyar. Inda babu injin ɗinki, siririyar wayar tagulla ko ta zinariya da fentin azurfa na aiki, ko a danna ɗan gutsuren indiyom da tsinken sakace. Abin lura da fentin azurfa: ɗiga shi da gashin buroshi ɗaya, ka bar shi ya bushe sarai, domin wanda bai bushe ba yana tsagewa a sanyi, sai ka ga giraf ya yi tsalle a 150 K ka ɗauka sabon ilimi ne. Kada kuma ya gangara gefen faifan ya taɓa ƙasa. Masu saka taitaniyom ƙarƙashin zinariya don ta kama su sani cewa taitaniyom na zuƙe oksijin daga manganait, ya bar mataccen wuri daidai ƙarƙashin mahaɗar.

Sai gwaji da mita ta hannu: kowane ɗigo da kowane, haɗi shida. Su yi kusa da juna. Sannan ka zana karent da boltej daga korau zuwa tabbatacce, a zafin ɗaki da kuma can cikin sanyi. Miƙaƙƙen layi da ya ratsa sifili kake so. Idan ya lanƙwashe, sake mahaɗar, kada ka ci gaba.

Akwai wani tarko na STO musamman. Shi insuleta ne mai kyau, amma da zarar ya rasa oksijin sai ya koma mai kai wuta, kuma a sanyi yana kai ta fiye da shimfiɗarka. Hakan na faruwa idan an yi samfurin a ƙarancin oksijin, ko an sassaƙa siffa da harbin argon. Ɗora tsinken mita biyu a bayan faifan, ko a wurin da aka share shimfiɗar. Dole mita ta nuna a buɗe yake. Idan ka ga turjiya ta faɗi ninki ɗari ko dubu ƙasa da 50 K a samfurin da aka sassaƙa, tushe ka auna.

Manna faifan a kan dandamalin tagulla da GE varnish ko man Apiezon N, siriri ƙwarai. Idan za ka hau sama da zafin ɗaki don LSMO, N na narkewa da ya wuce digiri 40 na salshiyos kaɗan, sai ka koma Apiezon H ko fentin azurfa. Sensar zafi ta zauna kusa da samfurin iyakar iyawa. Idan da maganadisu a aikin, Cernox ta fi ta filatinom, domin ta filatinom na ruɗewa da filin maganadisu a tsananin sanyi.

Awon kansa

Tura karent ta gefe ɗaya na faifan, karanta boltej a gefen da ke fuskantarsa, ka samu RA. Juya da kwata, ka samu RB. Idan sun yi daidai, turjiyar shimfiɗa Rs ita ce R sau π a raba da ln2, wato R sau 4.53. Idan sun bambanta, sai a warware exp(−πRA/Rs) + exp(−πRB/Rs) = 1 da kwamfuta. Misali: ka samu ohm 150 a duka biyun, Rs ta zama wajen ohm 680. Ninka da kaurin nanomita 20, ρ ta fito 1.36 mΩ·cm, wanda ya dace da LSMO mai lafiya a zafin ɗaki. Ka riƙa ajiye rabon RA da RB a kowane zafi. Idan rabon na canzawa yayin da ake sanyaya, ko dai samfurin ba iri ɗaya ba ne ko'ina, ko kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya kai wuta, abin da ke faruwa da gaske a kan NdGaO3 tunda ɗakinsa ba murabba'i ba ne.

Kowane karatu a yi shi sau biyu, karent gaba da karent baya, a cire ɗaya daga ɗaya a raba biyu. Inda ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu kuma zafinsu ya saɓa, suna haifar da ɗan boltej na kansu, kuma juya karent ne ke kashe shi. Na'urorin Keithley 6221 da 2182A na yin wannan da kansu, mitar lock-in irin SR830 kuma ya kauce wa matsalar tunda karent ɗinsa mai kai da komo ne.

Nawa za a tura? Kaɗan. Zafin da samfurin ke sha shi ne I²R. A ohm 10,000, miliamfiya 1 na zuba miliwat 10 a cikin abin da kaurinsa bai kai ƙwayar cuta ba, maikroamfiya 1 kuwa nanowat 10 kacal. Kusa da juyin, inda digiri ɗaya ke canza turjiya sosai, wannan ɗumin na matsar da ƙololuwa zuwa ƙasa a kan giraf, saboda samfurin ya fi abin da sensa ke faɗa zafi. Gwajin mai sauƙi ne: auna da karent ɗinka, sake aunawa da kashi ɗaya cikin goma nasa. Idan layukan ba su hau kan juna ba, rage.

Gudun sanyaya kada ya wuce 1 zuwa 2 K a minti, kusa da juyin ma a rage. Auna da sauka, auna da hawa. Kusan kullum za ka ga 'yar tazara tsakanin layukan biyu, kuma a nan ne mutane ke saurin rubuta cewa juyin mai riƙo ne, wato ba a zafi ɗaya yake faruwa a sauka da hawa ba. Rage gudun da rabi. Idan tazarar ta ragu da rabi, sensa ce ke gaba samfurin na biye. Idan ta tsaya yadda take ko da ka dakata minti goma a kowane mataki, ta gaske ce. NdNiO3, wanda dunƙulensa ke juyewa wajen 200 K, yana nuna ta gaske mai faɗi, haka ma manganait da aka sa wa furasiyodimiyom, inda yankunan ƙarfe da na insuleta ke zaune tare suna ja-in-ja. Wanda ke aiki inda wuta ke ɗaukewa ya sa kwamfuta da mitoci a kan UPS, ya kuma sa shirin ya riƙa adana kowane layi nan take, don kwamfuresar na'urar sanyaya na tsayawa zafi zai fara hawa da gudun da ba kai ka zaɓa ba, kuma wannan ɓangaren ba ya shiga lissafi.

Idan samfurin ya zama insuleta sosai, kamar siririn LSMO a kan LAO, turjiya za ta haura miliyoyin ohm. Turjiyar ƙofar SR830 megaohm 10 ce, da samfurin ya kusanci haka sai wuta ta fara bi ta cikin mitar, layin ya kwanta kamar turjiya ta daina hawa. Ba ta daina ba. A nan sai a koma waya biyu, a ba da boltej tsayayye, a karanta karent da ilektiromita.

Sai maganadisu. Maimaita awon a tesla 0, sannan a filaye biyu ko uku har iyakar na'urarka. Na'urar awo ta PPMS ta kamfanin Quantum Design da aka fi samu na kai tesla 9. Ƙololuwa za ta faɗi ta kuma matsa zuwa sama, domin filin na jera maganadisun atom, tsallake ya yi sauƙi. Wajen ba da rahoto faɗi da wace lamba ka raba. Kashi 127,000 cikin 100 da Jin da abokan aikinsa suka sanar a 1994, a shimfiɗar La-Ca-Mn-O kan LAO wajen 77 K da tesla 6, da turjiyar cikin fili aka raba. Da an raba da ta wajen fili, da kashi 99.9 za a rubuta. Rubuta kuma inda filin ya fuskanta, domin a kan STO maganadisun LSMO kwance yake son zama, a kan LAO kuwa tsaye.

Karanta giraf

Lambobi biyu ake rikitawa. Akwai zafin da ρ ta kai ƙololuwa, akwai kuma zafin da gangaren ya fi tsanani, inda dρ/dT ta fi girma. Na biyun ne ya fi kusa da zafin Curie, wato zafin da samfurin ke zama maganadisu. A LCMO mai kyau suna kusa da juna, a LSMO kan yi nisa. Faɗi wanne ka ɗauka, kuma idan da hali auna maganadisun samfurin nan ɗin dai a SQUID, na'urar auna maganadisu, kada ka ce ka san zafin Curie daga turjiya kaɗai.

Sama da ƙololuwa, abu uku ake gwadawa: ln ρ da 1/T, ln(ρ/T) da 1/T na tsallen polaron (elektron ɗin da ya maƙale a kejin da ya lanƙwasa), da ln ρ da T^(−1/4) na Mott. Gaskiyar magana, a tazarar 260 zuwa 300 K duka ukun za su ba ka miƙaƙƙen layi mai ban sha'awa, kuma hakan bai tabbatar da komai ba. Ko dai ka faɗaɗa har 400 K, ko ka bi hanyar Zabrodskii: lissafa W = −d(ln ρ)/d(ln T), zana ln W da ln T, gangaren ya faɗa maka lambar da kansa ba tare da ka zaɓa masa ba. Idan polaron ne, makamashin da za ka samu a manganait yakan faɗa wajen 0.1 eV ko sama kaɗan. Can ƙasa kuma ana daidaitawa da ρ0 + aT² da wani ƙari. Ni ρ0 na fi kallo, domin ita ke faɗin tsaftar kiristal. Ɗan ɗagowar da turjiya ke yi ƙasa da 30 K na da dalilai fiye da ɗaya. Duba ko filin maganadisu na danne shi kafin ka raɗa masa suna. Idan ka ga ɗan karaya a layin daidai 105 K a kan STO, tushen ne ya canza siffa daga kiyub, ya ja shimfiɗar tare da shi.

Taƙura ce ko oksijin?

Nan ne aikin yake. Ka samu LCMO a kan STO ya juye a ƙasa da na kan NdGaO3, zuciya ta ce miƙewa ce. Mai yiwuwa. Millis da Darling da Migliori sun nuna a 1998 cewa taƙurar gefe biyu na rage zafin Curie ko miƙewa ce ko matsewa, tunda duka biyun na ƙara lanƙwasa kejin. Matsewa mai ƙarfi na tura elektron cikin obital (mazauninsa a kewayen atom) mai tsaye, kai wuta ta gefe ya mutu. Miƙewa na tura shi cikin mai kwance. Amma rashin oksijin ma na yin kusan abu ɗaya a giraf: kowane oksijin da ya fita na mayar da Mn4+ biyu zuwa Mn3+, ya yanke gadar tsallake, ya kumbura ɗakin kiristal. Juyin ya sauka, turjiya ta hau, tsinin X-ray ya matsa hagu. A kan tushe mai matsewa ba za ka bambance su da ido ba.

Abu uku nake yi. Na farko, a manna tushe daban-daban gefe da gefe a kan hita ɗaya, a shimfiɗa musu a lokaci ɗaya, don oksijin da zafi da kauri su zama ɗaya gwargwadon iko. Ko a nan akwai saura, domin tushe mabambanta ba sa ɗaukar zafin hita daidai wa daida.

Na biyu, raba samfurin biyu, gasa rabi cikin oksijin mai gudana na wasu sa'o'i, sake yin X-ray da awon turjiya. Idan tsayin ɗaki ya ragu, juyin ya hau, alhali tabon (103) na nan a layinsa, oksijin ne ya yi ƙaranci tun farko. Dole a sake taswirar, domin gashi mai zafi sosai na iya sakin taƙurar ita ma, ka canza abu biyu kana zaton ɗaya.

Na uku, jerin kauri. Yi samfura biyar ko shida daga nanomita 3 zuwa 50, zana 1/Rs da kauri a zafi ɗaya. Layin ba zai ratsa sifili ba, zai yanke a wani kauri, kuma wannan ne mataccen ɓangaren da ba ya kai wuta. A LSMO kan STO wajen ɗakuna 8 ne, kusan nanomita 3, kamar yadda Huijben da abokan aikinsa suka auna a 2008. A kan LAO ya fi haka. Ma'ana, shimfiɗar nanomita 5 na iya zama insuleta ko kusa da haka a taƙurar da ta nanomita 30 ke ƙarfe lafiya lau. Kwatanta tushe biyu a kauri mabambanta ɓata lokaci ne. Duba kuma ko Rs ta kusanci h/e², wajen kiloohm 25.8, domin siraran shimfiɗu da dama a nan suke daina halin ƙarfe ko mene ne tushensu.

Wanda ke son amsar da ba ta da gardama sai ya nemi tushen PMN-PT, irin wanda rukunin Kathrin Dörr suka yi aiki da shi a Dresden ta Jamus. Kiristal ne da ke tsukewa idan an ba shi boltej ta kaurinsa. A fesa zinariya a bayansa, shimfiɗar manganait ta zama ɗaya hannun, a hau da boltej a hankali ana karanta turjiya da waya huɗun nan. Samfurin ɗaya ne, oksijin ɗaya, kauri ɗaya, taƙura kaɗai ke motsi, da wajen kashi 0.1 cikin 100, kuma tana komawa idan an sauke. Saka babbar turjiya a layin boltej ɗin don kare mitoci idan kiristal ya tsage, ka tsayar da zafi cak a gangaren juyin inda canjin ya fi fitowa, ka jira karatun ya lafa bayan kowane mataki kafin ka rubuta.